A Fitar da Tsohon Nan Kafin In Dawo

Yalwawa, Dutse
6 ga Agusta

Hamma Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zulfa da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta dawo gida jiya, tana cin abinci, tana salla a zaune. Na fara da wannan ne don kada gabanka ya faɗi, domin kwana uku ta yi a asibiti.

Na san kana can kan teku wajen rijiyar mai, inda ba a barin ku da waya. Shi ya sa zan ba Arzika direban tirelar shanu wannan takarda ya kai wa Zulfa a Fatakwal, ka tarar da ita in ka sauko. Gara ma haka. Da a waya ne, da na faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Ranar Laraba bayan la'asar ruwa ya kece. Inna tana tsintar shinkafa ta ce mini kanta yana juyawa, kafin in kawo mata ruwa ta zube. Ni da Hamida maƙwabciyarmu muka kinkime ta muka sa a mota cikin gareji. Na tayar da mota, na danna rimot. Akwai wuta, ka ji, kada ka ce ɗauke ta aka yi. Injin ƙofar nan naka ya yi gurnani, ƙofa ta ɗaga kamar taƙi ɗaya, ta koma ta zauna. Na danna ya fi sau goma har ya fara warin ƙuna. Igiyar nan da ka ce a ja idan ya ƙi, na ja, ta tsinke a hannuna, ashe ta ruɓe. Muka sa hannu ni da Hamida, ko gezau.

Na yi ta ƙwala wa Baffa Idirisu kira har muryata ta dishe. Yana ɗakinsa, bango ɗaya ne tsakaninsa da garejin, amma ka san kunnensa, ga ruwa yana dukan kwano. Hamida ce ta fita ba mayafi ta taro mai adaidaita sahu a bakin titi. Muka sake fito da Inna daga mota, muka bi da ita ta ƙaramar ƙofa, ruwa yana zuba a fuskarta. A nan Baffa ya hango mu, ya fito ba takalmi ya kama ƙafafunta. Likita ya ce hawan jini ne, kuma da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Mota mai lafiya, cike da mai, tana kulle, uwarmu tana jijjiga a bayan adaidaita!

Sau uku ina gaya maka injin nan ya gaji. Ka ce na ƙasar waje ne, ba ya mutuwa. To ka zo ka ga garejin a daminar nan. Zafi kamar tukunya, bango yana gumi, duk wani ƙarfe ya yi ja da tsatsa. Kai da kake zaune inda ko makulli tsatsa yake a aljihu ai bai kamata in yi maka bayani ba.

Baffa tun ranar bai ci abincin kirki ba. Yana ta cewa a yi haƙuri da injin, mai kawai yake so. Ina roƙon ka kada ka ga laifinsa da bai ji kirana ba. Amma ka yi wani abu. Motar tana nan a kulle, a adaidaita nake zuwa makaranta koyarwa.

Inna tana gaishe ka, ta ce kada in tayar maka da hankali. Na ƙi jin maganarta.

Ƙanwarka,
Hassana


Fatakwal
14 ga Agusta

Hassana,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Na ga takardarki. Na kira na ji muryar Inna, ke kina aji. Kwana biyu kacal aka ba ni, yanzu haka mota tana jira na, sai bayan sati huɗu.

Tsohon nan na gaji da shi. A fitar da shi daga gidan kafin in dawo. Shekara goma sha ɗaya yana nan, ya gama aikinsa. Ba ya ji, ba ya motsi sai an yi ta fama, ga shi ya kusa kashe mana uwa. Kada kowa ya ce mini a yi haƙuri da shi. A kira Muntaka na Jahun ya zo ya ɗauke shi, ko zai yi masa wani amfani. Sauran bayani yana wajen Arzika.

Yayanki,
Abdulrauf


Yalwawa, Dutse
19 ga Agusta

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka saboda Musulunci ya ce a yi gaisuwa. Jikin Inna da sauƙi, zuciyarta ce babu.

An cika maka umarninka. Baffa ya tafi.

Arzika ya tsaya da tirela a bakin titi yana sauri, ya miƙa wa Baffa takardarka a ƙofar gida, ko ambulan ba ka sa ta ba. Baffa ya ɗauka tasa ce, tunda shi ne babba a gidan. Yana murna ya kai wa Malam Habibullahi na masallacin layinmu ya karanta masa. Malam ya ce mini da ya kai tsakiya ya so ya tsaya, Baffa ya ce, "Ƙarasa, Malam, kuma ka ɗaga murya." Ya ɗaga murya, a gaban mutanen da ke jiran sallar azahar.

Da na dawo daga makaranta na tarar ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure kayansa a buhu ɗaya, sandarsa da butarsa a hannu. Na ce, "Baffa, ina za ka?" Ya miƙo mini takardar, ya ce, "Ba sai an wahalar da Muntaka ba, na san hanyar tasha." Na riƙe buhun ina kuka. Inna ta rarrafo har bakin ƙofa tana cewa, "Baffan yara, ka dubi Allah ka dubi marigayi ɗan'uwanka." Ya ce, "Shi nake duba, shi ya sa ba zan ce komai ba." Ya shiga motar Jahun, yana can gidan 'yarsa Mashkura da mijinta Muntaka.

Na karanta takardar nan ya fi sau ashirin, ina neman inda zan yi maka uzuri. "Tsohon nan." Ƙanin mahaifinka! "Ko zai yi masa wani amfani." Akuya ce shi? Na roƙe ka abu ɗaya tak, na ce kada ka ga laifinsa, ka amsa mini da cewa kada kowa ya ce a yi haƙuri da shi. Wa ya riƙe mu da Baba ya rasu kana aji uku? Wa ya goya ka daga ruga har asibitin Jahun ranar da maciji ya sare ka? Da ka gina gidan nan kai da bakinka ka ce ya bar daji ya zo ya huta. Ashe hutun yana da wa'adi.

Na kira Zulfa, ta ce ba ta ga abin da ka rubuta ba. Na kira Arzika, wayarsa a kashe, an ce yana hanyar Maigatari. Ba na ma bukatar sauran bayani, wanda na gani ya ishe ni.

Unguwa duk ta ɗauka. Jiya a gidan suna mata suka yi shiru da na shiga. Inna ba ta ambaci sunanka ba tun ranar, ko a addu'ar da take yi a fili bayan salla. Gidan naka ne, ba mu musa ba. In ta ƙara samun ƙarfi zan nema mana haya, ka zauna da garejinka.

Hassana


Fatakwal
13 ga Satumba

Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Mu nan lafiya, in ban da abin da na tarar.

Jiya na sauko. Tun a tsaye na karanta takardarki. Na kira ki sau goma sha bakwai kin ƙi ɗauka, wayar Inna kuma a kashe, na san aikinki ne. To ki karanta.

Da INJI nake! Injin ƙofar gareji! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ne tsohon da ba ya jin rimot. Shi ne ya shekara goma sha ɗaya a gidan, tun ranar da aka sa ƙofar. Muntaka ba mai walda ba ne? Ba shi yake tara tsofaffin ƙarafa ba? A kwana biyun da aka ba ni ban zauna ba, na zaga kasuwa cikin ruwa na sayi sabon inji, irin wanda aka yi don ƙasa mai laima, mai batir a ciki ko an ɗauke wuta. Na kai wa Arzika kwalin da takardar tare. Yau na kama shi a mahauta, wai kwalin ya yi nauyi ya bar shi a shagon ɗan'uwansa sai wani zuwan, wai kuma ya gaya wa Baffa haka da bakinsa. Ya gaya wa Baffa, daga kan tirela, injin mota yana ruri!

Baffa ban ga laifinsa ba, karanta masa aka yi. Amma ke? Ke da kike koya wa yara karatu? Ke kika rubuto mini shafi guda a kan injin nan, ke kika ce Baffa yana cewa a yi haƙuri da shi. Sannan amsa ta zo, ba ki ko yi tunanin inji ba, kika tafi kai tsaye kan cewa yayanki ya kori ƙanin ubansa. Sau ashirin kika karanta, in ji ki. A cikin ashirin ɗin babu ko ɗaya da kika ce, "Hamma ba zai yi haka ba"? Ciki ɗaya muka fito, Hassana. Har kina tuna mini maciji, kamar tabon ba a ƙafata yake ba.

Wata guda ina can ina aiki cikin zafi da gishiri, hankalina kwance na gyara muku matsala, ashe a garinmu an gama yanka ni an raba. Uwata ta cire ni daga addu'a a kan ƙarfe.

Kwalin zai iso da wannan takarda. Ki kira Ikrima mai gyaran ƙofofi ya ɗaura. Ki karanta wa Inna wannan, ki kai wa Malam Habibullahi shi ma ya karanta a inda ya karanta waccan, da irin muryar da ya sa. Na rubuta wa Baffa tasa daban. Ki shirya mota a je a ɗauko shi.

Maganar haya kuma kada in sake ji.

Yayanki, ko kin so ko kin ƙi,
Abdulrauf


Yalwawa, Dutse
22 ga Satumba

Hamma Abdulrauf,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Zulfa da yara. Inna ta fara takawa da sanda. Da na karanta mata takardarka ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Sakaran yaro, ba zai iya rubuta inji ba?" Ta mayar da kai cikin addu'a. Malam ma ya karanta a masallaci.

Na yi kuskure, ka yafe mini. Na faɗa, ba zan maimaita ba, domin ni ma ina da tawa.

Ka tambaye ni me ya sa ban ce Hamma ba zai yi haka ba. Ka tuna takardun nan naka biyu. A ta farko ina ka ce a gaishe da Baffa? Bara da ka zo hutu, sati biyu, sau nawa ka shiga ɗakinsa ka zauna? Daga cikin mota kake ɗaga masa hannu. Kuma ni ina wurin ranar da aka ɗaura tsohon injin, ka ce wa abokanka, "Yanzu ba sai na tsaya jiran Baffa ya buɗe mini ba." Yana tsaye a bayanka, a lokacin kuma kunnensa garau. Ba ni kaɗai na karanta takardar haka ba. Malam, Inna, Hamida, mutanen masallaci, babu wanda ya ce ƙarya ne. Wannan ba laifin karatuna ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ikrima ya zo shekaranjiya ya ɗaura sabon injin. Ya danna, ƙofa ta ɗaga taƙi ɗaya ta koma, daidai irin na ranar. Ya hau tsani ya duba, ya sauko yana girgiza kai. Ya ce, "Malama, wa yake ɗaga muku ƙofar nan?" Na ce inji mana. Ya ce, "Wallahi ba inji ba. Zo ki gani." Ya nuna mini wani ƙarfe mai murɗe a sama, sifirin, wanda shi ke ɗaukar nauyin ƙofa, inji ja kawai yake yi. Tsatsa ta cinye shi ya karye gida biyu, bakin karayar har ya yi baƙi. Ya ce ya kai shekara uku a haka. Ya ce ƙofar ta fi buhun gero nauyi, babu injin da zai ɗaga ta shi kaɗai, sai da mutum a ƙasa.

Hamma, sai na zauna a kan kwalin. Kullum da safe in zan fita, Baffa yana gareji da tsumma wai yana goge mota. In na danna rimot sai ya sunkuya ya kama gindin ƙofar. Da yamma kuma tun kafin lokacin tasowata yake shiga ya zauna a cikin zafin nan, yana kallon hasken ƙasan ƙofa, in ya ga inuwar mota ya miƙe. Sau nawa ina leƙowa ta taga ina ce masa, "Baffa, bar ta mana, da kanta take tashi!" Sai ya yi murmushi. Maganin ciwon bayan da nake saya masa duk wata, na ɗauka tsufa ne. Ranar da Inna ta faɗi ba lokacin fitata ba ne, shi ya sa ba ya wurin. Shi ke nan abin da ya faru.

Ikrima ya sa sabon sifirin, yanzu ƙofar tana tashi kamar takarda. Ban ji daɗin ganinta ba ko kaɗan.

Jiya na je Jahun da motar. Baffa ya karɓe ni da fara'a, ya sa Mashkura ta dama mini fura. Na gaya masa abin da Ikrima ya gano, fuskarsa ta canza, ya ce wa ya aike ni bincike. Na ce ya taso mu tafi, ya ce zai rubuto maka. Ni kaɗai na dawo.

Ƙanwarka,
Hassana


Jahun
3 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Abdulrauf,

Da sunan Allah. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Baffanka Idirisu nake magana, Mashkura take rubutawa, na ce mata kada ta gyara ko kalma ɗaya. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Ni lafiya lau, bayan ma ya daina ciwo.

An karanta mini takardarka sau biyu. Na yarda da inji kake. Ban taɓa sanin ka da ƙarya ba, kuma tsohon injin ga shi can a shagon Muntaka, na gan shi da idona. Ka nemi gafara, na yafe, duniya da lahira. Kada kuma ka ƙara yi wa Hassana faɗa.

Amma raina a ɓace yake, kuma zan faɗa maka dalili, tunda kai ka tambaya. Da Malam yake karantawa a gaban jama'a, ban yi mamaki ba. Na ji zafi, amma ban yi mamaki ba. Na ce a raina, yau dai ya faɗa. Mutum ba ya kai wa nan a rana ɗaya. Ban rasa ci ba a gidanka, ban rasa sutura ba, Allah Ya saka maka. Sai dai ni na yi kiwon shanu shekara arba'in, na san bambancin dabbar da ake ciyarwa don ana so da wadda ake ciyarwa don an saba.

Maganar ƙofa kuma, ban ji daɗin da aka tona ba. Hassana tana kuka wai na kashe kaina a banza. Ba a banza ba ne. Ranar da ƙarfen ya karye ina wurin, na ga faɗuwarsa. Na so in faɗa, na tuna yadda kake alfahari da injin nan, na ji nauyin in ce maka abin da ka saya ya gaza. Daga baya kuma, gaskiya, ban so a gyara ba. A gidan nan babu saniya, babu gona, ko tsintsiya ba a bari in ɗauka. Wannan ne kaɗai abin da in ban yi ba wani zai rasa. Na ɓoye don kaina, kuma saura ƙiris matar ɗan'uwana ta tafi a dalilin haka. Wannan laifina ne, ba na inji ba, ba naka ba. Shi ya sa da aka ce a fitar da tsoho ban yi gardama ba. Na nemi gafarar Innarku, ta yafe.

Ka ce in faɗi ranar da za a turo mota. Kada a turo. Muntaka yana da maruƙa biyu da ya kusa kashewa da rashin sani, suna hannuna yanzu. Gero kuma ya nuna, gobe za mu shiga gona. Ba fushi ne ya riƙe ni ba, aiki ne.

In ka samu hutu, kada ka aiko kowa, kada ka rubuto. Ka zo Jahun da kanka, ka kwana biyu a nan, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Ko zan bi ka Dutse ko ba zan bi ka ba, ni ma ban sani ba tukuna. Sai na ga yadda za ka zauna.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a kan ruwan nan.

Baffanka,
Idirisu